Na tsinci kwalaben allura a jakar yaro mai ɗaga ƙarfe: me ke kai samarinmu ga wannan?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a Makka, wajen Shari' Mansur. Akwai yaro a gidan, shekararsa 16, ya kusa shekara yana zuwa nadi ɗaga ƙarfe. Cikin wata huɗun nan ya buɗe kamar ana hura shi, bayansa duk ƙuraje, ga saurin fushi, ƙannensa har tsoronsa suke ji. Shekaranjiya ina gyaran ɗaki na tsinci ƙananan kwalabe da sirinji a jakarsa, wasu an rubuta Sustanon, wasu Deca. Ban faɗa wa mahaifinsa ba don na san halinsa. Shin ƙwaya ya fara? Me ya rasa a gida da zai kai kansa ga wannan? Kuma yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Da na karanta "akwai yaro a gidan" sai da na yi murmushi duk da nauyin maganar, domin na gane ɗan fari ne, kuma alkunyar da kakanninmu suka taho da ita har yau ba ta bar mu ba a nan Hijaz. Allah Ya shirya mana shi.

Ni mai haɗa magunguna ne, na haura shekara 15 ina tsaye a bayan kantar saidaliyya, wato shagon magani, a Jidda, kuma a Makka aka yanke mini cibiya. Abu uku kika tambaya: mene ne a cikin kwalaben, me ya sa yaro mai ci da sha a gidan ubansa zai soka wa kansa allura, sannan ta ina za a ɓullo wa lamarin. Zan fi daɗewa a kan ta tsakiyar, don a nan ne iyaye suka fi yin kuskure, kuma idan an kuskure ta, ta ukun ma ba za ta yiwu ba.

Abin da ke cikin kwalaben

Ba ƙwaya ba ce irin wadda zuciyarki ta fara rayawa. Ba Captagon ba ce, ba shabu ba ce, ba ta sa maye. Sustanon haɗin testosteron ne, wato sinadarin da 'ya'yan marainan namiji ke samarwa, wanda ke buɗe murya, ya fito da gemu, ya gina tsoka lokacin balaga. Deca kuma nandrolon ne, ɗan'uwansa da aka ɗan sauya wa tsari. Yaran nadi, wato gidan motsa jiki, "hormon" suke ce musu, hukuma kuma tana kiransu "munashshiɗat". Magunguna ne na gaskiya, likita kan rubuta irinsu ga yaron da balagarsa ta yi jinkiri ƙwarai, ko mai wani nau'in ƙarancin jini, ko wanda ya yi mummunar ƙuna. Doka ba ta yarda a sayar da su ba sai da takardar likita.

Tun 1935 aka gano testosteron aka kuma iya haɗa shi a ɗakin gwaji. A 1958 kamfanin Ciba ya fitar da ƙwayar Dianabol a Amurka, masu ɗaga ƙarfe suka yi mata caa. Hukumar Olamfik ta haramta su a tsakiyar shekarun 1970, duniya kuma ba ta farka sosai ba sai 1988 a Seoul, da aka ƙwace zinaren gudun mita 100 daga Ben Johnson na Kanada saboda stanozolol. Abin da ya sauya daga wancan lokaci shi ne masu amfani da su. Da 'yan gasa ne, yanzu akasarinsu ba su taɓa shiga wata gasa ba, madubi kawai suke yi wa.

Bambancin magani da guba a nan yawa ne. Jikin lafiyayyen namiji kamar miligiram 7 yake samarwa a rana. Mara lafiyar da jikinsa ba ya samarwa, likita kan ba shi kwalba ɗaya ta Sustanon duk bayan kamar mako uku. A nadi kuwa ana ninka wannan sau da yawa, a haɗa iri biyu ko uku, har da na dabbobi: trenbolon na kiwon shanu ne, boldenon kuma na dawakai.

Kada ki haɗa su da waɗanda mata ke sha don ƙiba, irin da ake kira sha-ka-fashe a gida, masu deksametason a ciki. Suna ɗaya suka tara a bakin likitoci, wato sitiroyid, amma aikinsu daban ne. Wancan ruwa da kitse yake tarawa, yana ma cinye tsoka.

Akwai wata gaskiya da nake so ki riƙe kafin ki zauna da shi: abin nan yana aiki. A 1996 wasu likitoci a Amurka ƙarƙashin Shalender Bhasin suka gwada shi a kan maza na tsawon mako 10. Waɗanda aka yi wa allura ba su ɗaga ko tsinke ba sun fi waɗanda suka ɗaga ƙarfe ba allura ƙarin tsoka, waɗanda suka haɗa biyun kuwa sun ƙaru da kusan kilo 6. To idan kika ce masa "ba ya amfanar komai", ya san ba haka ba ne, madubi ya riga ya faɗa masa, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da sauran maganarki ba.

Kuɗin da jiki ke biya

A shekara 16 ƙasusuwa ba su gama tsawo ba. A ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai guringuntsin da tsawo ke fitowa daga gare shi. Jiki yana juya wani ɓangare na testosteron zuwa sinadarin mata, estrojin, shi kuma wannan shi ne ke rufe guringuntsin. Idan ya yi yawa da wuri, ƙofar ta rufu da wuri, kuma ba ta sake buɗuwa. Yaro ya sayi faɗi ya biya da tsawo. Wannan estrojin ɗin dai shi ke sa nono ya kumbura wa namiji, idan kuma ya daɗe ya yi tauri sai tiyata.

Zuciya ita ce babbar damuwata. Hawan jini, kaurin jini, faɗuwar kitse mai amfani a cikin jini, kaurin bangon zuciya, duk suna tafiya shiru ba tare da ciwo ba. Wani bincike da aka buga a 2019 a Denmak, wanda ya bi maza 545 da aka kama da amfani da su a wuraren motsa jiki, ya sami mace-macensu ya ninka na sa'o'insu sau uku. Na haɗiya kuma hanta suke bugu, har idanu su yi ɗorawa. Ga kayan bayan fage: nazarin da aka tattara a 2022 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake sayarwa a ɓoye jabu ne. Sunan da kika karanta a jikin kwalba ba shi ne tabbacin abin da ke ciki ba.

Amma wanda ya fi taɓa mutanenmu shi ne haihuwa. Idan ƙwaƙwalwa ta ga testosteron ya cika jini daga waje, sai ta daina aika wa maraina saƙo. Su kuma su kwanta, su ƙanƙance, maniyyi ya tsaya. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza, sakamakon ya fito a 1990, kuma kusan biyu cikin uku na mazan an wayi gari babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu.

Ba na mantawa da wani bawan Allah, ɗan shekara 29, da ya zo mini bayan isha, ya tsaya gefe har sai da kowa ya watse. Ƙirji kamar ƙofar gari. Ya zaro takardar gwaji da ya ninke ta har ta fara yagewa, ya tura mini ba tare da ya ɗago kai ba. Sifili ne a inda ake rubuta adadi. Shekara biyu da aure, matar ta sha zagayen asibiti, ta sha rubutu, an kai ta ruƙya, mahaifiyarsa har ta fara maganar ƙarin aure. Na ce masa, "Ɗan'uwa, tun yaushe kake kors, wato allurar nan?" Ya yi shiru, can ya ce tun yana aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare. Yawancin masu dainawa jikinsu kan farfaɗo cikin watanni, wasu sai shekara ɗaya zuwa biyu, wasu kuma ba ya dawowa daidai. Wanda ya fara da ƙuruciya ya kuma daɗe, shi ya fi shan wuya.

Me ya rasa?

Hajiya, ki fara sauke wa kanki wannan dutsen. Na ga 'ya'yan malamai a ciki, na ga 'ya'yan attajirai 'yan ƙasa da ake kawowa nadi da direba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza.

Son a ga ƙwanji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san ɗan dambe da layarsa a naɗe cikin zaren hannu, sun san ɗan tauri da ya sha magani yana gilma wuƙa a ciki, sun san saurayin da ke neman asirin kwarjini kafin ya shiga dandali. Matashi kullum yana neman abin da zai haɗiya ko ya ɗaura don a daina raina shi. Abin da ya bambanta na yau shi ne layar tana ci da gaske, kuma ana samunta da saƙo ɗaya a WhatsApp.

Sannan dandalin ya koma cikin aljihu. A da yaro da sa'o'insa na unguwa yake gwada kansa, su goma ko ashirin, wasu sun fi shi wasu ya fi su. Yanzu daga ya buɗe Snapchat ko TikTok, jikkunan da aka zaɓo daga duk duniya ne ke wucewa ta gabansa, an shafa mai, an saita haske, an ɗauki hoto hamsin an zaɓi ɗaya. Da yawansu a kan allura suke amma suna rantsuwa cewa ƙwai da shinkafa ne, saboda akwai garin furotin da suke talla. Yaro ya yi shekara yana ɗaga ƙarfe da gaskiya, ya duba madubi ya ga bai kama ƙafarsu ba, sai ya yanke cewa shi ne mai naƙasa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, Harrison Pope, ya auna 'yan tsanan sojoji da ake saya wa yara maza a Amurka, ya nuna a 1999 cewa cikin shekara talatin damatsansu sun kumbura har sun wuce abin da ɗan Adam zai iya kaiwa. Shi ne kuma ya bayyana wata lalura da mutum ke ganin kansa siriri komai girman jikinsa. Na sha ganinta da idona: saurayi damtsensa ya kai cinyata, amma yana sanye da riga mai dogon hannu cikin zafin Jidda don kada a ga "ramarsa". Kuma gwanayen ba su da nisa da su yanzu. Bamisire Big Ramy ya ci gasar masu gina jiki ta Mr. Olympia a 2020 da 2021, a 2024 kuma Samson Dauda, haifaffen Legas, ya ɗauka. Yaronmu na ganin na farko yana jin harshensa, na biyu kuma launinsa.

Sai shi kansa nadin. Tun da aka ƙaddamar da Ru'uya 2030, shirin gwamnatin Saudiyya na sauya fasalin ƙasa, a 2016, da burin ɗaga masu motsa jiki a kowane mako daga kashi 13 zuwa kashi 40, wuraren motsa jiki suka yawaita a kowace unguwa. Abu ne mai kyau, ƙasar da ciwon suga ya yi wa katutu tana bukatarsa. Amma ki dubi rayuwar ɗan shekara 16 a Makka. Rana ba ta fituwa, fili babu, gida ɗaki biyu ne da ƙanne. A Jidda ma abin ya ƙaru bayan rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, da ya shafi unguwanni irin su Gulail da Sabil da Karantina. Mutanen da suka yi shekara arba'in suna maƙwabtaka suka warwatsu, dattijon da zai ga yaro a lungu ya ce "kai, ɗan wane, ina za ka?" ya koma wata unguwa. Nadi ya zama shi ne majalisa, akwai sanyi, akwai abokai, akwai wanda zai kira sunanka idan ka shigo.

A can ne yake haɗuwa da kabtin, wato mai horarwa. Ki lura da wannan mutumin, don sau da yawa shi ne mabuɗin. Ya girme shi da shekara goma, yana da jikin da yaron ke mafarki, yana dafa kafaɗarsa ya ce "ya baɗal", wato gwarzo, yana lura idan bai zo ba. Wane babban namiji ne kuma ke yi masa haka? Ba duka masu horarwa ne ɓatagari ba, na san nagari da ke korar yaro idan ya kawo maganar. Amma albashin da yawansu kaɗan ne, ribar kors ɗaya ta fi kuɗin horar da mutum uku. Kuma ba ya taɓa cewa "zo in sayar maka". Yana jira ne sai yaron ya yi wata shida, ci gaba ya tsaya kamar yadda yake tsaya wa kowa, gwiwa ta yi sanyi, sannan ya ce, "Jikinka ya kai iyakarsa, sai da taimako." Har yarensu ma an gina shi don ya kwantar da hankali. Ba a cewa allura, sai "kors", kamar karatu. Akwai na "tadkhim" don kumbura, na "tanshif" don tsane kitse, sai "tanzif" a ƙarshe, wai wanke jiki, kamar abin da aka yi datti ne da sabulu zai fitar. Mafi yawan yaran da na tattauna da su sun yarda cewa muddin an yi tanzif babu wata illa. Wani nazari na 2014 da Dominic Sagoe ya jagoranta ya ƙiyasta maza 6 cikin 100 a duniya sun taɓa amfani da su, ya kuma sa Gabas ta Tsakiya a sama da kowa da kusan kashi 22, duk da cewa alƙaluman yankinmu yawanci daga cikin nadi aka tattaro su, ba daga kan titi ba. Ma'anarsa dai a cikin nadi abin ya zama ruwan dare, wanda bai yi ba shi ne baƙo.

Akwai kuma wanda ya shafe mu mu kaɗai, ko in ce mu da ire-irenmu, kuma shi ne ba a son faɗa. Cikinmu akwai 'yan ƙasa tun kaka da kakanni, akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, akwai waɗanda takardunsu ke rawa. Yaron da aka haifa a nan, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa, bai taɓa ganin Kano ko Damagaram ba, amma yana ji ana lissafa shi a kan kuɗin murafiƙin, wato harajin da baƙo ke biya a kan iyalin da ke ƙarƙashinsa, wanda aka fara da riyal 100 a wata a 2017 har ya kai 400 a 2020. Yana jin mahaifinsa na huci duk lokacin sabunta iƙama. Yana ganin yayyensa sun gama sanawiyya sun tsaya cak, saboda sana'o'i da yawa an keɓe wa 'yan ƙasa. A makaranta an taɓa jefa masa "takruni", sunan da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma, an yi dariya. Idan ya je Najeriya ko Nijar hutu, can kuma ɗan Makka ne mai gurɓatacciyar Hausa. Takardarsa a hannun wani take, gobensa a hannun wani. Abu ɗaya ne tak yake jin nasa ne, wanda idan ya zuba wahala zai ga sakamako ba tare da sa hannun kafili ba, shi ne jikinsa. Kuma jama'a sun riga sun nuna masa cewa ta nan ake yaba wa irinsa. Sunan Hausawi da ya fi fitowa a talabijin na 'yan ƙwallo ne, irin su Usama Hausawi da ya ja ragamar 'yan wasan Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Abin alfahari ne, amma yaro na karanta wani darasi a ƙarƙashinsa: baƙin yaro da ƙarfinsa ake saninsa. Wannan fahimtata ce daga hira da samari a bakin kanta, ni ba masanin zamantakewa ba ne, amma na ji ta daga bakuna da yawa har na daina ɗaukarta a matsayin dacewa.

Gida ma yana da ɗan kasonsa, ba don an yi mugunta ba. Mu mutane ne masu tsokana. "Sillan kara", "ƙashi da rai", "iska za ta ɗauke ka", gwaggo ta faɗa a taron suna kowa ya yi dariya, an wuce wurin, shi kuwa ya adana. Uba ya fita tun asuba, musamman lokacin Umara da Hajji, ya dawo a gajiye, maganarsa da ɗansa ba ta wuce "ka yi salla?" da "ina sakamako?" ba. Maganar balaga kuwa kunya ta hana kowa. Da ya fara buɗewa, ki tuna, ba a yaba ba? Baƙi ba su ce "masha Allah, ya zama namiji" ba? Wannan yabon shi ne abin da yake saye, allurar hanya ce kawai.

Ta ina za a fara

Zan faɗa miki kuskuren da na taɓa yi don kada ki maimaita. Shekarun baya wani yaro da bai wuce 17 ba ya zo neman sirinji da wani maganin mata, ya ce na matar yayansa ne. Na san me ake yi da haɗin. Na ɗaga murya a gaban mutane, na ce zan nemo ubansa. Ya fita bai waiwayo ba. Bayan kamar wata biyu na hango shi a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, yana ɗingishi, ƙurji ya taru a inda yake soka allurar har sai da aka tsaga. Faɗana bai hana shi komai ba, ya dai hana shi sake tambayar wanda ya sani.

Don haka kada ki tare shi a gaban ƙannensa, kada ki fasa kwalaben, kada ki fara da tsinuwa. Ki sami lokacin da kuke ku biyu, ki ajiye jakar a gabansa, ki ce kin gani, kin san mene ne, kin san yana aiki, kuma tsoro kike ji. Sannan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana. Ki tambaye shi yaushe ya fara, wa ke yi masa allurar, ko sun taɓa yin tarayya a sirinji ko kwalba ɗaya da wani, da kuma inda kuɗin ke fitowa, domin kors ba araha ba ne, wasu yaran bashi suke ci, wasu kuma an mai da su 'yan aike. Idan ya kawo miki hadisin mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah, don suna yawan kawo shi, ki tuna masa da ɗayan, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, sannan ki tambaye shi yaushe rabon da ƙannensa su zauna kusa da shi.

Dole ya daina, amma a ƙarƙashin idon likita. Ba wai yankewa kai tsaye na da irin haɗarin yanke deksametason ba, matsalar tana zuwa ne daga baya. Alluran nan suna daɗewa a jiki, don haka makon farko da na biyu za ki ga kamar lafiya lau. Bayan nan na waje ya ƙare, na ciki bai farka ba. Sai kasala, rashin barci, tsoka na zubewa yana kallo, da baƙin ciki mai nauyi. A nan ne yawanci ke komawa, kuma masu bincike sun ƙiyasta kusan uku cikin goma na masu amfani da su kan kamu har su kasa bari. A nan ne kuma ake rasa wasu. A 2003 wani ɗan shekara 17 a Texas, Taylor Hooton, ya kashe kansa jim kaɗan bayan ya daina, lamarin da ya kai iyayensa har gaban majalisar Amurka. Idan kika ji yana cewa rayuwa ba ta da amfani, ko ya kulle kansa ya daina cin abinci, kada ki jira ranar ganin likita, ki kai shi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a daren. Haka nan idan ya yi ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya, ko idanunsa suka sauya launi.

Likitan da ya dace shi ne na gudad, wato masanin sinadaran jiki, in an samu na yara da matasa ya fi. Za ki iya kiran 937 na Ma'aikatar Lafiya su nuna miki ta inda za a fara. Za a duba hawan jini, kaurin jini, hanta, kitsen jini, sinadaran da ke tada maraina, wataƙila hoton zuciya da hoton ƙashin hannu don a ga ko sauran tsawo. A roƙi a haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Gara a sani yanzu da a je a gani a gwajin kafin aure. Kada ki yarda da tanzif ɗin kabtin, magungunan da suke bayarwa na matan da ke neman haihuwa ne da masu kansar nono, likita ne kaɗai zai ce ko ana bukatarsu. Ni daga nan ba zan iya ce miki ga irin ɓarnar da aka yi ba, ban ga yaron ba, kuma aikina magani ne, ba duba mara lafiya ba. Abin da zan iya cewa, wata huɗu ba shekara huɗu ba ne, kin kama abin da sauran dama.

Kada ki hana shi ɗaga ƙarfe. Da yawa iyaye nan suke zamewa, su ƙwace abu ɗayan da yaron ke jin shi wani ne a cikinsa, su bar shi da waya da bango huɗu a daidai lokacin da baƙin ciki ke tafe. A sauya masa nadi, a raba shi da wancan kabtin ɗin, in akwai kawu ko yaya mai hankali ya riƙa raka shi. A shekarunsa jikinsa na kan ganiyar samar da nasa sinadarin, abinci da barci da haƙuri za su ba shi abin da ɗan shekara arba'in ba zai samu ba. Idan yana da burin ƙwallo ko wata gasa, ya sani nandrolon na iya fitowa a gwajin fitsari bayan watanni masu yawa. Mai sayarwar kuma ana iya kai ƙararsa ga Hukumar Abinci da Magunguna, don ba ɗanki kaɗai yake yi wa ba.

Game da mahaifinsa, ke kika san mijinki, amma ban ga yadda za a ɓoye masa ba, ko don asibiti da kuɗin gwaji. Shawarata ki fara magana da yaron, ki sami ranar likita, sannan ki faɗa wa Alhaji alhali akwai mataki a ƙasa, in da hali a gaban wani babba da yake jin nauyinsa. Namijin da aka kawo wa matsala tsirara hannu yake fara ɗagawa, wanda aka ce masa "ranar Talata ƙarfe huɗu za ka kai shi" ya sami abin yi. Kuma zai fi kyau shi ɗin ya kai shi, su biyu a mota.

Ranar zuwa a tafi da kwalaben duka, har waɗanda suka ƙare da kwalayensu da duk wata ƙwaya da ke cikin jakar, sirinjin da aka yi amfani da su kuma a zuba a gorar roba mai murfi. Ki sa ya tuna ranar da ya yi allurar ƙarshe ya rubuta, domin daga ita likita zai fara lissafi.